Me ya sa gishiri ba ya zama gilas, alhali wasu danginsa suna zama?

Tambaya: Malam, mun karanta cewa sodiyam kulorayid, wato gishiri, da zink kulorayid da beriliyam fulorayid duk dangi ɗaya ne, tunda kowannensu ƙarfe ne ya haɗu da halojin. To me ya sa idan aka narkar da gishiri aka bar shi ya huce yake komawa kiristal a kowane lokaci, amma sauran biyun suna iya daskarewa su zama gilas? Kuma mene ne yake tantance tsarin da kowannensu yake ɗauka?

Amsa: Zan fara da rabin tambayarka na biyu, ɗan'uwa, domin sai an san yadda zarra suke zama a cikin kiristal kafin a gane abin da yake hana su irin wannan zaman a cikin gilas. Halojin da muke magana a kansu huɗu ne, fulorin da kulorin da buromin da ayodin. Kowannensu yana karɓar ilektron ɗaya daga ƙarfe ya zama ayon mai caji −1, kuma girmansu yana ƙaruwa bi da bi: rabin faɗin ayon ɗin fulorin pikomita 133 ne (pikomita kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita), na kulorin 181, na buromin 196, na ayodin 220. Tsarin da sinadarin zai ɗauka ya rataya ne a kan girman ayon ɗin ƙarfe idan an gwada shi da na halojin, da yawan halojin da suke kan ƙarfe ɗaya a lissafin sinadarin, da kuma ƙarfin da ƙarfen yake da shi na janyo ilektron ɗin halojin zuwa gare shi. A ganina na tsakiyar ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a aji, alhali shi ne yake kai mu ga gilas kai tsaye.

A shekarar 1913 William Lawrence Bragg da mahaifinsa William Henry Bragg, a Ingila, suka yi amfani da hasken X suka gano tsarin gishiri, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1915. Abin da suka tarar ya girgiza masana kimiyyar sinadarai na lokacin, domin babu wani molikul guda mai suna NaCl a cikin gishiri. Kowane sodiyam yana kewaye da kulorin shida, kowane kulorin yana kewaye da sodiyam shida, tazarar da ke tsakanin maƙwabta biyu pikomita 282 ce, kuma haka abin yake maimaituwa ta kowace fuska har ƙarshen ƙwayar. Siziyam kuwa ya fi sodiyam girma sosai, saboda haka a cikin siziyam kulorayid, CsCl, kulorin takwas ne suke samun wuri a jikinsa, suna zaune a kusurwoyin kiyub shi kuma yana tsakiya.

Daga nan aka fitar da ƙa'idar gwada girma, wadda Linus Pauling ya sa a cikin dokokinsa na 1929. Idan aka raba girman ayon ɗin ƙarfe da na halojin, sakamakon da ya faɗi tsakanin 0.225 da 0.414 yana nuna maƙwabta huɗu, tsakanin 0.414 da 0.732 maƙwabta shida, abin da ya haura haka kuma maƙwabta takwas. Gishiri yana ba da kusan 0.56, CsCl yana haura 0.9, duka biyun sun bi ƙa'ida. Amma kada ka ɗauke ta da muhimmancin da ya wuce kima. Litiyam ayodayid yana ba da kusan 0.35, ya kamata ya tsaya a maƙwabta huɗu, sai ga shi da tsarin gishiri. Potasiyam fulorayid da rubidiyam kulorayid sun haura 0.732, su ma tsarin gishiri suka ɗauka. Dalilin shi ne ribar da ake samu daga ƙarin maƙwabta ƙarama ce ƙwarai: lambar Madelung, wadda take auna jimillar ja da turi tsakanin dukkan ayon ɗin kiristal, 1.748 ce a tsarin gishiri, 1.763 a tsarin CsCl, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Abu kaɗan yana iya karkata ma'aunin. Shi ya sa CsCl da kansa yake komawa tsarin gishiri idan zafi ya haura digiri 470 a ma'aunin Salshiyos, potasiyam kulorayid kuma yake komawa tsarin CsCl a ƙarƙashin matsin da ya kai kusan ninki 20,000 na matsin iska, gishiri ma yana yin haka a kusan ninki 300,000.

Ayon ba dunƙulen dutse ba ne. Ƙaramin ƙarfe mai babban caji yana jan gajimaren ilektron na halojin ya karkato da shi, kuma babban halojin kamar ayodin ya fi saurin karkata, abin da Kazimierz Fajans ya tsara a 1923. Idan karkatar ta yi yawa, ɗaurin yana tashi daga jan caji zalla ya koma tarayya a ilektron, sai ya sami alƙibla, adadin maƙwabta kuma ya ragu. Sinadaran jan ƙarfe (Cu) da na azurfa (Ag) suna nuna wannan a fili: CuCl da CuBr da CuI duk maƙwabta huɗu suke da su, AgCl da AgBr sun riƙe tsarin gishiri, amma AgI ya sauka zuwa huɗu. Kuma ko da yake AgCl yana da tsari ɗaya da gishiri, a digiri 455 yake narkewa, gishiri kuwa sai a 801.

Yanzu ga batun lissafi, wanda nake so ka riƙe da kyau. Idan halojin biyu ne a kan ƙarfe ɗaya, dole maƙwabtan ƙarfe su ninka na halojin sau biyu. A cikin CaF2 kalsiyam yana da fulorin takwas, kowane fulorin yana da kalsiyam huɗu. A cikin MgF2 lissafin ya zama shida da uku. A cikin BeF2, wato beriliyam fulorayid, inda beriliyam yake ɗan ƙarami ƙwarai, ya zama huɗu da biyu: kowane beriliyam yana tsakiyar dala mai fuska huɗu da fulorin suka yi, kowane fulorin kuma ƙarfe biyu kacal yake haɗawa. A wannan matakin halojin ya zama gada tsakanin dala da dala, kuma gadar tana iya lanƙwasawa ko murɗawa ba tare da ta karye ba. Wannan shi ne tsarin silika, SiO2, kuma hakika kiristal ɗin BeF2 yana ɗaukar siffar kwatz, wato kiristal ɗin silika da ake samu a cikin yashi. Victor Goldschmidt ya lura da wannan kamanci tun a shekarun 1920, ya ɗauki BeF2 a matsayin silika mai rauni, tunda girman ayon ɗin kusan ɗaya ne amma cajin rabi ne. Raunin yana bayyana a wurin narkewa, domin BeF2 yana narkewa a kusan digiri 555, silika kuwa sai an haura 1700.

Da manyan halojin kuma wata hanyar ake bi. A cikin CdCl2 da CdI2 da MgCl2 da PbI2 ƙarfe yana da maƙwabta shida, amma duk maƙwabtan halojin guda uku suna gefe ɗaya na jikinsa, sai sinadarin ya zama falle-falle: shimfiɗar ƙarfe tsakanin shimfiɗar halojin biyu, falle yana kwance a kan falle kamar shafukan littafi, babu abin da ya riƙe su sai ɗan raunanan jan da ake kira ƙarfin van der Waals. Irin wannan ne ya ba da damar ɓare falle ɗaya tak na CrI3, wanda aka nuna a 2017 cewa yana riƙe maganaɗisu a ƙasa da kelbin 45, wato kusan digiri −228 a ma'aunin Salshiyos. BeCl2 yana yin dogayen sarƙoƙi, HgCl2 kuwa molikul ne miƙaƙƙe mai zarra uku.

Babu inda ake ganin wannan saukowa daki-daki kamar a dangin alminiyam. AlF3 saƙa ce mai ƙarfi ta ko'ina, kowane alminiyam da fulorin shida, kowane fulorin gada, kuma ba ya zama tururi sai a kusan digiri 1290. AlCl3 falle-falle ne, har yanzu da maƙwabta shida. Amma idan aka narkar da shi a digiri 192 a ƙarƙashin ɗan matsi, tsarin yana rushewa baki ɗaya ya koma molikul Al2Cl6, inda kowane alminiyam yake da maƙwabta huɗu, girman abin ya kumbura da kusan kashi 85 cikin ɗari, kuma narkakken kusan ba ya ɗaukar lantarki, saɓanin narkakken gishiri. AlBr3 kuwa tun yana daskare molikul Al2Br6 ne, yana narkewa ƙasa da digiri 100. Ƙarfe ɗaya ne a duka ukun, halojin kawai aka canja. Idan cajin ƙarfe ya ƙara hawa, halojin suna lulluɓe shi su raba shi da kowa, shi ya sa TiCl4 da SnCl4 suke ruwa a zafin ɗaki, UF6 kuma yake zama tururi a kusan digiri 56.

To sai gilas. Gilas ruwa ne da ya daskare kafin zarra ɗinsa su sami damar jeruwa. A ƙasa da zafin narkewa kiristal ne yake da ƙarancin makamashi, saboda haka kowane narkakke yana karkata zuwa gare shi, abin da ya rage shi ne ko zai sami lokaci. Kafin kiristal ya tsiro sai wasu zarra sun haɗu sun yi ɗan iri mai tsari, sannan sauran su yi ta zuwa suna hawa kansa, kuma duka matakan biyu suna buƙatar zarra su iya motsi. Idan narkakken yana da danƙo sosai, sanyi yana riskarsa kafin a gama wannan aikin, danƙon ya yi ta ƙaruwa har motsi ya tsaya cak a zafin da ake kira mashigar gilas.

A nan gishiri ya faɗi jarrabawa ta fuska biyu. Narkakken gishiri tsinkakke ne, danƙonsa a digiri 801 kusan daidai yake da na ruwa a zafin ɗaki, domin jan da ke tsakanin sodiyam da kulorin ba shi da alƙibla, kowane ayon yana sauya maƙwabta a cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ba tare da ya karya komai ba. Sannan tsarin da zai koma mai sauƙi ne matuƙa, ayon iri biyu ne masu siffar ƙwallo suna bin juna ɗaya bayan ɗaya, babu wata doguwar hanya tsakanin hargitsin ruwa da jerin kiristal. Duk saurin sanyayawar da ake iya yi wa dunƙulen narkakke a ɗakin gwaji bai isa ya riga shi ba. A cikin kwamfuta ne kawai, inda ake iya sauke zafi da biliyoyin digiri a cikin daƙiƙa, ake daskarar da irinsa ya zama gilas, kamar yadda Woodcock da Angell da Cheeseman suka yi da potasiyam kulorayid a 1976.

BeF2 kishiyar haka ne. Ko bayan ya narke, dalolin nan suna nan a haɗe ta kusurwoyinsu, kuma kafin wani yanki ya gusa sai an karya gadoji, saboda haka danƙonsa yana ninka na ruwa sau miliyoyi. William Zachariasen ya bayyana sharuɗɗan irin wannan a 1932: ƙarfe ya kasance da maƙwabta kaɗan, uku ko huɗu, gada kada ta haɗa fiye da ƙarfe biyu, daloli su haɗu ta kusurwa maimakon gefe ko fuska, kuma haɗin ya bazu ta kowace fuska. Idan an cika waɗannan, ana iya gina saƙa marar iyaka wadda kowace dala a cikinta daidai take da ta kiristal, amma kusurwar kowace gada ta ɗan bambanta da ta maƙwabciyarta, sai jerin ya ɓace bayan 'yan matakai. Makamashin wannan saƙar bai fi na kiristal da yawa ba, don haka babu abin da yake matsa mata ta gyara zama. Zachariasen a kan sinadaran iskar oksijin ya yi rubutunsa, amma BeF2 ya cika sharuɗɗan tsaf. Hujjar cewa gadojin ne suke riƙe da komai ita ce abin da yake faruwa idan aka zuba LiF a ciki: ƙarin fulorin yana tsinka gadoji, danƙo ya faɗi warwas, har a kai Li2BeF4 inda kowace dala take zaman kanta. Wannan cakuɗen yana narkewa a digiri 459, kuma shi ne ginshiƙin narkakken cakuɗen fulorayid da aka yi aiki da shi a injin nukiliya na gwaji a Oak Ridge ta Amurka daga 1965 zuwa 1969. Da beriliyam ba guba ce mai lalata huhu ba, da gilasansa sun yi kasuwa, domin BeF2 yana cikin daskararrun abubuwan da suka fi ƙarancin karya haske, ma'auninsa kusan 1.275.

ZnCl2, wato zink kulorayid, yana tsaka-tsaki, kuma ni ya fi ba ni sha'awa. Gwada girma zai sa ka yi tsammanin maƙwabta shida kamar MgCl2, tunda zink da magniziyam kusan girmansu ɗaya, amma zink yana karkato ilektron ɗin kulorin sosai, sai ya zauna da huɗu. Yana narkewa a kusan digiri 290, mashigar gilas ɗinsa tana ɗan sama da digiri 100. Gadarsa ta fi ta silika lanƙwasa, kusurwarta kusan digiri 110 ce, ta silika kuwa tana kusa da 145, shi ya sa kulorin suke cunkushe da juna, wasu dalolin ma suna haɗuwa ta gefe. Matsalarsa ita ce shan ruwa: idan aka bar shi a sarari yana tsotsar danshin iska har ya narke a cikinsa, kuma ɗan ruwa kaɗan yana canja halinsa, saboda haka duk wani awo mai inganci sai a cikin rufaffen bututu.

Za ka iya tambaya yadda aka san tsarin abin da ba shi da jeri. Kiristal yana warwatsa hasken X zuwa ɗigo-ɗigo masu kaifi, gilas kuwa faffaɗan zobba yake bayarwa, kuma daga zobban ake lissafa yawan maƙwabta da tazararsu. Wahalar ita ce a cikin ZnCl2 tazara iri uku ce take cakuɗe, zink da zink, zink da kulorin, kulorin da kulorin. Ana raba su ta hanyar amfani da niyutiron, a shirya samfura masu sinadari ɗaya amma da isotop daban, wato zarra iri ɗaya masu nauyi daban, tunda kulorin-35 da kulorin-37 suna warwatsa niyutiron da ƙarfi mabambanci. Biggin da Enderby sun yi haka da narkakken ZnCl2 a 1981, Philip Salmon da abokan aikinsa kuma suka yi da gilas ɗinsa a 2005. Sakamakon ya nuna cewa hargitsin gilas yana da iyaka: bayan tsarin dala akwai wani tsari na matsakaicin zango da zobban daloli suke haifarwa, kuma bin juna da zink da kulorin suke yi yana barin alama har nisan nanomita da dama.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce Zachariasen ya gama magana. Amma a 1974, a Jami'ar Rennes ta Faransa, 'yan'uwa biyu, Michel da Marcel Poulain, suna aiki a ɗakin gwajin Jacques Lucas, suna neman haɗa kiristal daga zakoniyam fulorayid da wasu fulorayid, sai gilas ya fito musu. Daga wannan dangin aka sami ZBLAN, wanda sunansa ya fito daga haruffan farko na ƙarafansa biyar, kuma a lissafin mol, wato ƙidayar ƙwayoyin sinadari ba nauyinsu ba, yake ɗauke da ZrF4 kashi 53, BaF2 20, LaF3 4, AlF3 3, NaF 20. Wannan gilas ya saɓa wa kusan duk sharuɗɗan da na lissafa. Zakoniyam yana da maƙwabta bakwai ko takwas, siffofinsa suna haɗuwa ta kusurwa da ta gefe, narkakkensa kuma tsinkakke ne. Abin da yake cetonsa shi ne yawan zaɓi: zakoniyam yana iya zama da fulorin shida ko bakwai ko takwas da makamashi kusan ɗaya, kuma ga ƙarafa biyar masu girma da caji daban-daban, kowane yana son kiristal irin nasa, kafin a ware waɗanda za su gina ɗaya sanyi ya riga ya kama su. A rabe-raben Austen Angell, silika da BeF2 ruwa ne masu ƙarfi, danƙonsu yana canjawa a hankali da zafi, ZBLAN kuwa mai rauni ne, danƙonsa yana rushewa da sauri da zarar an haura mashigar gilas.

Amfaninsa daga nauyin zarra da raunin ɗauri yake fitowa. Zakoniyam ya fi silikon nauyi fiye da sau uku, ɗaurinsa da fulorin kuma bai kai na silikon da oksijin ƙarfi ba, saboda haka zarra suna kaɗawa a hankali, kusan rabin saurin na silika. Hasken infared ba ya haɗiyuwa sai saurin kaɗawarsa ya kusanci na zarra, don haka zaren silika, wato siririn zaren gilas da ake aika haske ta cikinsa, yana toshewa jim kaɗan bayan tsawon igiyar hasken ya wuce maikuromita 2, zaren ZBLAN kuwa yana wuce 4. Wannan jinkirin kaɗawa ne kuma yake sa ayon irin su arbiyam da tuliyam da holmiyam su fitar da makamashinsu a matsayin haske maimakon zafi, shi ya sa ake yin lesa da shi a kusa da maikuromita 3. A lissafi, asarar haske a cikinsa za ta iya sauka zuwa kusan desibel 0.01 a kilomita, alhali zaren silika na sadarwa yana asarar kusan 0.2. A aikace ba a kusanci wannan ba, kuma laifin na raunin narkakkensa ne, wato saurin rushewar danƙonsa: mashigar gilas ɗinsa tana kusan digiri 260, kiristal yana fara tsirowa a kusan 350, kuma a cikin wannan 'yar tazarar ake jan zaren, sai ƙananan kiristal su fito su warwatsa haske. Saboda jan da ƙasa take yi wa abubuwa yana taimaka wa motsin narkakke da rabuwar sinadarai masu nauyi daban, an gwada sarrafa shi a jiragen da suke kwaikwayon rashin nauyi a shekarun 1990, daga baya kuma aka ja zarensa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Akwai kuma yanayin da bai cika zama kiristal ba kuma bai zama gilas ba, wanda ya dace ka sani tunda ka tambayi bambancin biyun. Idan aka ɗumama AgI ya haura digiri 147, ayodin suna tsayawa a jere cikin tsarin kiyub, amma azurfa tana sakin wurinta tana yawo a ramukan da ke tsakaninsu, ayon ɗin azurfa biyu ne kacal a kowane kiyub ga ramuka da yawa, har ɗaukar lantarkinsa ya haura simens 1 a santimita (simens ma'aunin ɗaukar lantarki ne), abin da ya kusanci na narkakken gishiri. Tubandt da Lorenz sun auna wannan tun 1914. Idan aka narkar da AgI tare da azurfa fosfet ko azurfa boret aka sanyaya da sauri, ana samun gilas da azurfa take gudana a cikinsa a zafin ɗaki, ɗaukar lantarkinsa yana kai kusan simens 0.01 a santimita. Irin wannan tunanin ne ya dawo a binciken batir marar ruwa: a 2018 aka ba da rahoton Li3YCl6 da Li3YBr6 a matsayin masu ɗaukar litiyam, kuma a wajen na kulorin, samfurin da aka niƙa a inji, wanda jerinsa bai kammala ba, ya fi wanda aka gasa ya zama cikakken kiristal saurin ɗaukar ayon.